ZARE: Mai atishawar hunturu zai iya shiga soja?

1/
Jama'a, zaren yau na masu atishawa ne. Masu tashi da asuba su jera goma sha biyar ba hutawa, masu yawo da hankici biyu a aljihu tun daga Nuwamba har Maris. Musamman waɗanda ke da burin saka kaki a cikinku, maza da mata. Ni ma ɗan ƙungiyar ne. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/
Ina aji uku a jami'a, ina karanta injiniyan lantarki. Niyyata in na gama na yi bautar ƙasa, in nemi shiga soja a matsayin hafsa ta hanyar gajeren kwas ɗin da ake ɗaukar masu digiri, SSC ko DSSC. Baffana tsohon soja ne, ya je Laberiya da rundunar ECOMOG, kuma a gidansa na yi rabin ƙuruciyata. Daga nan burin ya samo asali.

3/
Matsalata hanci. Tun ina firamare, da zarar hazo ya sauko shi ke nan: atishawa, majina kamar ruwan famfo, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, dare ya yi hanci ya toshe sai da baki zan yi numfashi. A gida ana cewa "ai shi mai mura ne". A makaranta har suna aka sa mini, ba zan faɗa muku ba don na san halinku.

4/
To tambayar da ta hana ni sukuni ita ce: wannan abin zai sa a kore ni a gwajin lafiya? Na shafe kusan shekara ina bin maganar, na karanta, na tambayi waɗanda suka je tantancewa, na ga likita. Abin da na tattaro ke nan. Ni ba likita ba ne, ba kuma jami'in ɗaukar soja ba, ɗalibi ne da abin ya shafa.

5/
Mu fara da sunan abin. Likitoci suna ce masa alajin hanci. Sunan da Turawa suka ba shi, in ka fassara, "zazzaɓin ingirici" ne, duk da cewa babu zazzaɓi a ciki. Wani likita a Landan, John Bostock, ya fara bayyana shi a 1819, kuma kansa yake ba da labari. A 1873 Charles Blackley ya nuna cewa garin furen ciyayi ne ke tayar da shi.

6/
Yadda abin yake: garkuwar jikinka ce ke ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi. Garin fure ya shiga hanci, wasu ƙwayoyin garkuwa su saki sinadarin histamin, shi kuma ya kumbura cikin hanci, ya kawo ƙaiƙayi da atishawa da ruwa. Wato masu gadin jikinka ne ke buɗe wuta a kan ɗan talla.

7/
Bambancinsa da murar da aka sani: mura ƙwayar cuta ce, ana ɗauka, takan zo da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta wuce. Alaji ba a ɗaukarsa daga wani, majinarsa fara ce tsinkakkiya, akwai ƙaiƙayin ido da hanci, kuma yana iya kai watanni. In "murarka" tana dawowa lokaci ɗaya kowace shekara, ka fara zargi.

8/
A nan wajenmu masu tayar da shi suna da yawa. Garin furen ciyawa da na gero a ƙarshen damina. Ƙaiƙayi lokacin sussuka da shiƙa. Ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashi. Kyankyaso, wanda duk ɗan hostel ya san ba baƙo ba ne. Gashin kyanwa. Sannan hayaƙin igiyar leko da turaren wuta suna ƙara tunzura hancin da dama a kumbure yake.

9/
Sai uban tafiya, hunturu. Yawancin ƙurar da ke rufe mana sama daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wani busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta har ƙofar ɗakinka. Ga bushewar iska, ga sanyin asuba. Ko mai lafiyayyen hanci yana ji a jikinsa, balle mu.

10/
Yanzu ɓangaren soja. Ku duba inda ake horon: Daffo na Zariya, da ke horar da kurata tun 1924. NDA a Kaduna, da aka kafa a 1964. Makarantar sojan ƙasa ta Jaji. Duk a tsakiyar yankin hazo suke. In an gama kuma ana iya tura ka Borno ko Yobe ko Zamfara. Babu inda za a ce ƙura ta dakata saboda kai.

11/
Abin da tallan ɗaukar aiki ke faɗi a fili shi ne dole mutum ya kasance lafiyayye a jiki da ƙwaƙwalwa. A tallan kuratan sojan ƙasa kuma akwai sharaɗin tsayi ga namiji da mace. Matsalolin da aka fi ambata da suna su ne na ido, na kunne, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, gwame, tsohuwar karaya, in'ina.

12/
A wurin tantancewa kuma likitocin soja ne ke duba mutum daga sama har ƙasa: awon jini, gwajin HIV da ciwon hanta, rukunin jini da sikila, fitsari, ido, hoton ƙirji, sauraron numfashi. Takardar lafiyar da ka kawo daga asibitin gwamnati tana da amfani, amma hukuncin ƙarshe nasu ne. Ka riƙe wannan.

13/
To me zai sa rundunar soja ta damu da mai atishawa? Da na bi ƙa'idojin ƙasashen da suka wallafa nasu dalla-dalla, sai na ga atishawar kanta ba ita ce abin tsoro ba. Abubuwa uku ne ke bayanta. Na ɗaya shi ne babba, sauran biyun ana iya shawo kansu.

14/
Na ɗaya: asma. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, kumburin da ke sama yana iya kasancewa a ƙasa. Yawancin masu asma suna da alajin hanci, kuma mai alajin hanci ya fi wanda ba shi da shi yiwuwar samun asma. Ba kowane mai atishawa ke da ita ba, amma duk likitan kirki da ya ji labarin hancinka sai ya tambayi ƙirjinka.

15/
Misali, a ƙa'idar ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ya yi fama da asma bayan ya cika shekara 13 bai cika sharaɗin shiga ba, sai in an yi masa rangwame na musamman bayan gwaje-gwaje. Alajin hancin da magani ke riƙewa kuwa ba a ɗaukarsa da wannan nauyin. Kun ga inda layin yake: a ƙirji.

16/
Dalilin a fili yake. Gudu da kaya a baya cikin sanyin asuba, rarrafe cikin ƙura, hayaƙi, kwana a daji. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke tayar da asma. Kuma asma in ta tashi da ƙarfi, babu inhela kusa, babu asibiti kusa, tana kisa. Ba maganar wasa ba ce.

17/
Na biyu: magani. Wanda muka fi sani a kemis shi ne Piriton, kuma kowa ya san abin da yake yi, barci. Yawancin haɗe-haɗen maganin mura ma akwai irinsa a ciki. Ka ɗauka an ba ka gadi ƙarfe biyun dare, bindiga a hannu, ka sha wannan. Ko kana tuƙa mota cike da mutane. Shi ya sa tambayar ba "kana da alaji?" kaɗai ba ce, har da "da me kake riƙe shi?"

18/
Na uku: kunne da kogunan da ke cikin ƙashin fuska. In hanci ya toshe, iska ba ta daidaita tsakanin kunne da waje. A ƙasa ba ka ji, amma ga matuƙin jirgin sama ko mai ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, sauyin matsin iska na iya jawo azababben ciwo har ya taɓa dodon kunne. Don haka mai son tuƙa jirgin yaƙi, a kansa za a fi tsananta binciken hanci.

19/
Da na fara maganar nan a hostel, shawarar da na fi samu ita ce: "Kai dai ka haɗiyi ƙwaya da safe ranar gwaji, in an tambaye ka ka ce ƙalau kake. Kowa haka yake yi." Wani ma cewa ya yi ya san mai haɗa takardar lafiya a kan kuɗi kaɗan. Na san da yawanku an faɗa muku irin wannan.

20/
Ga amsata. Gwajin lafiya na 'yan kwanaki ne, horo na watanni ne, aikin kuma na shekaru. Ƙwaya za ta iya ɓoye hanci na yini ɗaya. Ba za ta ɓoye ƙirji a gudun asuba na wata na biyu ba. Kuma wanda aka gano ya yi ƙarya a fom, korar da za a yi masa ta fi ta ranar tantancewa ciwo, ga kunya a unguwa.

21/
Masu sayar da takarda da masu cewa suna da "hanya" kuwa, rundunar sojan ƙasa ta sha nanata cewa neman shiga kurata kyauta ne, kada a ba kowa kuɗi. Kuma takardar bogi ba ta hana likitan soja ɗora abin awonsa a ƙirjinka. Ka yi asarar kuɗi, ka dawo gida da huhun da ka tafi da shi.

22/
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan tari da nake yi bayan ƙwallo lokacin sanyi. Ba kullum ba, amma yana nan. Na san in na je asibiti, akwai yiwuwar a kira sunan da ba na son ji. In aka ce asma ce, burin da na riƙe tun ina ɗan shekara goma ya ƙare a ɗakin likita.

23/
Na samu Baffa da maganar. Na zaci zai ce in daure, namiji ne ni. Sai ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, a fagen daga wanda ke gefenka ransa a hannunka yake. In numfashinka ya sarƙe, mutum biyu ne za su ajiye bindiga su ɗauke ka. Je ka a duba ka. In ƙirjin ya ce a'a, to a'a ce."

24/
Umma kuwa, wadda dama ba ta son maganar sojan nan, cewa ta yi: "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Na san abin da take fata a ranta, ita ma ta san na sani. Muka bar shi a haka.

25/
Kafin in je na yanke wa kaina hukunci: in aka tabbatar asma ce, ba zan cika fom ba. Zan bi layin lantarkina, ƙasar nan tana buƙatar wuta kamar yadda take buƙatar tsaro. Na yanke tun kafin sakamako ya fito ne don kada zuciya ta zo daga baya ta fara kawo mini dabaru.

26/
Na je asibitin koyarwa, aka tura ni ɓangaren masu cutar ƙirji. Tambayoyin likita, don ku shirya: Kana jin ƙirjinka na fito in kana numfashi? Tari na tashinka cikin dare? Gudu na sa ƙirjinka ya ɗaure? An taɓa ba ka inhela? Akwai mai asma a gidanku? Ka taɓa cin wani abu ko zuma ta harbe ka fuskarka ta kumbura?

27/
Tambayar ƙarshen nan mai nauyi ce. Akwai alajin da ke rufe maƙogwaro cikin mintuna, daga gyaɗa ko kifi ko harbin ƙwaro ko wani magani. Wannan daban yake da na hanci, kuma rundunonin soja suna ɗaukarsa da matuƙar muhimmanci. In ka taɓa yin irinsa, dole likita ya sani.

28/
Sai gwajin hura iska, sunansa sifirometri. Za a matse maka hanci, ka cika ƙirji, ka hura cikin bututu da duk ƙarfinka. Na'ura ta auna yawan iskar da ta fita a daƙiƙar farko da jimillarta. Sai a shaƙa maka inhela, a jira kamar minti goma sha biyar, a sake. In lambar ta yi tsalle sosai bayan inhela, alama ce hanyoyin iska a tsuke suke.

29/
Nawa ya fito daidai. Ina shirin yin hamdala sai likita ta ce: "Malam, kada ka yi sauri. Yanzu damina ce. Asma tana iya ɓuya a rana mai kyau. Ka dawo in hazo ya sauko." Wallahi watannin nan uku sun fi jiran sakamakon jarrabawa tsawo.

30/
A Disamba ta sa na sayi 'yar na'urar hura iska ta hannu. Safe da yamma in hura sau uku in rubuta mafi girma, har mako biyu, da kuma kafin gudu da bayansa. Abin da ake dubawa shi ne ko lambar tana hawa da sauka da yawa. 'Yan ɗakinmu sun sha dariya, suna cewa na zama mai busa algaita.

31/
Na kai mata takardar. Lambobin sun tsaya kusa da juna, har a ranakun da hazo ya rufe gari. Ta ce a yanzu ba ta ga alamar asma ba, tarin kuma ya fi kama da majinar da ke gangarowa daga bayan hanci zuwa maƙogwaro. Amma ta ce in na taɓa jin fito a ƙirji ko tarin dare, in dawo ba tare da ɓata lokaci ba.

32/
Abin da ta ɗora ni a kai: feshin hanci mai sitiroyid kullum, in fara makonni biyu kafin hunturu, don shi ba ya aiki nan take, sai ya ɗauki kwanaki. Da ƙwayar loratadin a ranar da abin ya tsananta. Ita da setirizin sababbin samfuri ne, ba sa kawo barci kamar Piriton, ko da yake setirizin takan ɗan kasalar da wasu.

33/
Yadda ake fesawa ma akwai ƙa'ida: ka ɗan sunkuyar da kai, ka nufi bakin kwalbar gefen kunne, kada ka nufi guringuntsin da ya raba hanci biyu, in ba haka ba haɓo zai dame ka. Sai wanke hanci da ruwan gishiri, ruwan da aka tafasa ya huce. Shanya katifa a rana, wanke zanin gado duk mako, takunkumi a kan babur.

34/
Gargaɗi ga masu feshin buɗe hanci irin su Otrivin: yana aiki cikin mintuna, shi ya sa ake son sa. Amma in ka wuce kamar kwana biyar kana yi, hancin zai saba, ya riƙa toshewa fiye da da in ka daina. Akwai ɗan ɗakinmu da ba ya iya barci sai kwalbar na ƙarƙashin matashi. Haka ma masu shan deksametazon ba umarnin likita, illarsa ta fi atishawar.

35/
Wani abu kuma: gwajin ƙwaya a fitsari. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta haɗawa da shigowa da shi a 2018, yana fitowa a gwaji. Wasu magungunan buɗe hanci na sha, masu sudo'efedirin, kan rikita gwajin farko. Duk abin da kake sha, ka riƙe takardar likita, ka faɗa tun kafin a tambaye ka.

36/
Yau wata na biyu ke nan ina cikin hunturu da wannan tsarin. Atishawar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma daga goma sha biyar ta dawo biyu ko uku. Ina barci da baki a rufe, abin da na manta rabona da shi. Ina gudun kilomita biyar sau uku a mako bayan sallar asuba, ina rubuta lokaci.

37/
Kada wani ya fahimce ni a karkace: wannan bai ba ni tabbacin komai ba. Saura mini shekara biyu a makaranta, ga bautar ƙasa. Ranar tantancewa likitan soja zai duba ni da idonsa, zan gaya masa ina da alajin hanci, in miƙa masa takarduna. Yana iya cewa to, yana iya cewa a'a. Amma duk abin da ya ce, a kan gaskiyar jikina zai faɗa.

38/
In taƙaice wa masu tsallake zare su duba ƙarshe:
a) Atishawa ita kaɗai kada ta hana ka nema.
b) Ka san halin ƙirjinka kafin ka cika fom, a duba ka a lokacin da abin ya fi tashi.
c) Ka riƙe alajin da maganin da ba ya sa barci, bisa umarnin likita.
d) Ka karanta tallan shekarar da za ka nema da kanka, sharuɗɗa suna canzawa.

39/
Wanda kuma aka gaya wa yana da asma, na san ba magana ce mai sauƙi ba, don na yi wata uku ina kwana da tsoronta. Asma ana riƙe ta da magani, akwai masu ita da suka ci lambobin yabo a gasar Olimfik. Ƙofar bariki ce kawai mai yiwuwa ta rufe, kuma ba laifinka ba ne. Ka riƙe inhelarka, ka nemi wata hanyar yi wa ƙasa aiki.

40/
Waɗanda suka taɓa zuwa tantancewa a Daffo, NDA, sojan ruwa ko na sama, don Allah ku faɗa mana a ƙasa abin da aka tambaye ku game da hanci da ƙirji, da shekarar da kuka je, saboda na baya su amfana. Ku tura wa wannan abokin naku mai hankici biyu. Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare waɗanda ke bakin daga.